Kura da Shan Bugu: Waƙoƙin Afirka da Suka Zagaya Duniya Suka Bar Masu Su a Baya

Idan waƙa ta yi tashe ta daɗe a bakin jama'a, akan wayi gari an manta cewa wani ne ya zauna ya tsara ta. Ana jin ta a gidan biki da cikin mota da filin ƙwallo, kowa na bin amshi, amma da za a tambayi wanda ya fara rera ta, da shekarar da ya yi ta, da abin da ya samu, sai a yi tsit. Wasu na ɗaukar waɗannan tambayoyi a matsayin hirar masoya tsofaffin faya-fayai kawai. A ganina sun wuce haka. Labarin da ke bayan waƙa shi ne shaidar mallakarta, kuma tarihin fitattun waƙoƙin Afirka ya nuna cewa duk inda labarin ya ɓace, haƙƙin mai waƙa ma yakan bi shi.

A shekarar 1939 wani Bazule mai suna Solomon Linda ya shiga ɗakin ɗaukar murya na kamfanin Gallo a Johannesburg tare da ƙungiyarsa ta Evening Birds, suka rera waƙar "Mbube". Sule goma aka ba shi, waƙar ta zama ta kamfani. Ta samu karɓuwa ƙwarai a Afirka ta Kudu, har ana ƙiyasta cewa an sayar da faifai kusan 100,000 cikin shekaru goma. Daga nan faifan ya faɗa hannun mawaƙin Amurka Pete Seeger, ƙungiyarsa ta Weavers ta sake rera ta a farkon shekarun 1950 da sunan "Wimoweh". A 1961 aka ɗora mata baitocin Turanci, ƙungiyar Tokens ta fitar da ita da sunan "The Lion Sleeps Tonight", ta zama ta ɗaya a jerin waƙoƙin da suka fi kasuwa a Amurka. Shekara ɗaya bayan haka Linda ya rasu cikin talauci. Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi.

Abin lura shi ne yadda aka yi haƙƙin ya fara dawowa. A 1994 kamfanin Disney ya saka waƙar a fim ɗin "The Lion King", kuɗi suka ci gaba da shigowa wa waɗanda suka yi rajistarta, iyalan Linda kuwa suna fama a Soweto. Sai a shekarar 2000 ɗan jaridar Afirka ta Kudu Rian Malan ya bi sawun waƙar daki-daki, ya buga labarinta a mujallar Rolling Stone. Wannan rubutu ne ya tayar da ƙura. Lauyoyi suka tono wata dokar Birtaniya ta 1911 wadda ta tanadi cewa haƙƙin aiki yana komawa ga magada shekara 25 bayan rasuwar mai shi, aka shigar da ƙara a 2004, aka sasanta a 2006 bisa sharaɗin a biya iyalan, a kuma riƙa sanya sunan Linda cikin waɗanda suka tsara waƙar. Dokar tana nan tun da daɗewa. Abin da aka rasa shi ne mai ba da labari.

Labarin Manu Dibango na Kamaru ya nuna ɗaya fuskar. A 1972 ƙasarsa ta karɓi baƙuncin gasar cin kofin Afirka, ya yi wa gasar take, sannan ya cike bayan faifan da wata waƙa mai suna "Soul Makossa". Waƙar bayan faifan ce ta tsallaka teku. Masu saka faifai a gidajen rawa da gidajen rediyon New York suka rungume ta, mawaƙa da dama suka yi ta kwaikwayonta, har kamfanin Atlantic ya sayi izinin fitar da ta asalin, ta shiga jerin waƙoƙin da ke tashe a Amurka a 1973. Da Michael Jackson ya ɗauki amshinta ya saka a wata waƙa ta kundinsa "Thriller" na 1982, Dibango ya nemi haƙƙinsa, aka biya shi ba tare da an kai ga hukuncin kotu ba. Bai fi Linda basira ba. Bambancin shi ne sunansa na rubuce a kan faifan da ya yi tashe a Amurka, kuma duniya ta san ta inda waƙar ta fito.

Mai ja da wannan magana zai ce ai waƙa da aro take rayuwa, kuma gaskiya ne. Waƙoƙin finafinan Hausa na farko-farko sun ari karin Indiya ba kaɗan ba, wasu masu bandiri ma sun ɗora yabo a kan irin wannan kari. Ko "Zangalewa", wadda ƙungiyar Golden Sounds ta dakarun fadar shugaban Kamaru ta fitar a 1986, tushenta waƙar maci ce ta sojoji. Amma aro daban, shafe suna daban. Lokacin da amshin "Zangalewa" ya bayyana a waƙar "Waka Waka" ta Shakira a gasar cin kofin duniya ta 2010, mutanen da suka tashi da jin ta asalin suka yi ta magana a intanet, kuma aka cimma yarjejeniya da masu ita. Babu wanda ya nemi a hana Shakira waƙa. An dai nemi a faɗi inda aka ɗebo, a kuma biya.

Wani kuma zai ce wannan duk zaluncin Turawa ne, mu a gida ba ruwanmu. "Sweet Mother" ta ƙaryata haka. Prince Nico Mbarga, haifaffen Abakaliki wanda mahaifinsa ɗan Kamaru ne, ya kai waƙar kamfanin EMI aka ƙi ta, sai wani ƙaramin kamfani a Onitsha, Rogers All Stars, ya fitar da ita a 1976. Ta mamaye nahiyar, har masu sauraron BBC suka zaɓe ta a 2004 a matsayin waƙar da Afirka ta fi so. Duk da haka, kasuwar da ta yi tashe a ciki kasuwa ce da masu kwafar kaset ba bisa ƙa'ida ba suka cika, kuma 'yan gida ne. Mbarga ya rasu a haɗarin babur a 1997, kuma da yawa cikin masu rera waƙarsa a yau ba su san sunansa ba.

Makaɗan Hausa sun fahimci wannan haɗari tun kafin zuwan takarda da rajista, shi ya sa suke yi wa kansu kirari a cikin waƙa, suna ambaton garinsu da iyayen gidansu. Amma yanzu waƙoƙin Mamman Shata da Ɗanmaraya Jos da Barmani Coge suna yawo daga waya zuwa waya a gutsuttsure, babu shekara, babu sanadin waƙa, wani lokacin ma da sunan wani. Dokar haƙƙin mallaka ta Nijeriya tana kare waƙa har shekara 70 bayan rasuwar mai ita, wato ayyukan Shata, wanda ya rasu a 1999, suna da sauran kariya mai tsawo. Sai dai kotu da hujja take aiki. Don haka ya kamata gidajen rediyon da ke riƙe da tsofaffin faya-fayai su adana su tare da bayanansu, masu gabatar da shiri su riƙa faɗin mai waƙa da dalilin yin ta, jami'o'i kuma su tattara bayanai daga 'yan amshi da makaɗan da suka rage tun suna raye. Idan waɗannan dattawa suka shuɗe ba a rubuta abin da suka sani ba, magada za su tsaya gaban alƙali da doka a hannu amma babu shaida.