Wasan Sada Zumunta

Idan ka zaga unguwannin Bauchi bayan sallar La'asar, musamman ranar Asabar ko Lahadi, za ka tarar da filayen makarantun firamare cike da samari ana buga ƙwallo. Wannan ba irin wasan da Wikki Tourists ke yi a filin wasa na Abubakar Tafawa Ɓalewa ba ne, filin da ya karɓi wasannin gasar matasa ta duniya a 1999 da 2009. A nan babu albashi, babu kofi, babu kuɗin shiga. Shi ake kira wasan sada zumunta.

Ga yadda akan shirya shi. A ce samarin Jahun suna son karawa da na Yalwa. Sakatarensu zai aika da takardar gayyata, ko da yake yanzu saƙon waya ya kusa kashe takardar. Idan an amince da rana, kowane ɓangare sai ya yi karo-karo. Baƙi su tanadi kuɗin mota, masu masauki kuma su share fili, su ja layi da toka, su sayi ruwan sha. Akan nemo alƙalin wasa daga wata unguwa ta uku, don kada a zarge shi da son kai. Amma ka lura da abin da ya fi duk waɗannan muhimmanci: wasan ba ya ƙarewa a rana ɗaya. Bayan 'yan makonni akwai ramuwar ziyara, mai masaukin yau ya zama baƙo. Wanda ya san haka yakan yi tunani kafin ya wulaƙanta wanda ya zo filinsa.

Kada ka ɗauka ƙwallon ƙafa kaɗai ke da wannan al'ada. A wasu ƙasashe kurket ne ke haɗa maƙwabta, kuma akwai abin koyi a yadda suke yinsa.

Kurket wasa ne na ƙungiya biyu, kowace da mutum 11. Akan kafa sanduna uku a nan, uku a can, da tazarar yadi 22 a tsakaninsu. Mai jifa yana jefo ƙwallon fata da niyyar kayar da sandunan, mai bugu kuwa yana kare su da wani katako mai faɗi. In ya buga ƙwallon ta yi nisa, sai shi da abokinsa su ruga su musanya wuri, kowace musanya maki ɗaya ce. Ƙwallon da ta gangara ta ƙetare iyakar fili maki 4 ce, wadda ta ƙetare ta sama ba ta taɓa ƙasa ba kuwa maki 6. Idan aka kayar da sandunan, ko aka cafke ƙwallon kafin ta faɗi, mai bugu ya fita. In mutum 10 sun fita, sai ƙungiyoyin su yi canji.

Turawan Ingila ne suka yaɗa shi a ƙasashen da suka mallaka. A tsibiran Karibiyan, irin su Jamaika da Barbados da Antigua, ya kama ƙasa sosai. Teku ta raba waɗannan tsibirai, kuma kowanne na alfahari da kansa, amma ƙungiya ɗaya suke fitarwa a gasar duniya, wato West Indies, wadda ta ci kofin duniya a 1975 da 1979. Mu ma wasan ba baƙo ba ne gare mu. Tun 1904 Legas ta kara da Gold Coast, wato Gana ta yanzu. An kuma buga shi a Kwalejin Katsina, inda Tafawa Ɓalewa ya yi karatu. A 2025 'yan matan Nijeriya 'yan ƙasa da shekara 19 suka doke New Zealand a gasar duniya da aka yi a Malesiya.

Al'adu biyu na ƙananan ƙungiyoyin kurket nake so ka duba. Ta farko, ana tsakiyar wasa akan tsaya a sha shayi, kuma masu masauki ne ke ciyar da baƙi. Ka ga ke nan an ci abinci tare tun ba a san wanda zai yi nasara ba. Ta biyu ta fi ba ni mamaki. Idan ba a sami alƙali ba, sau da yawa wani daga cikin ƙungiyar da ke bugu ne yake riƙe alƙalancin, har ya yanke hukuncin fitar da ɗan'uwansa. Wani mai bugun ma, in ya san ƙwallon ta shafi katakonsa kafin a cafke ta, yakan fice da kansa ba tare da jiran hukunci ba. Ba kowa ke yin haka ba, gaskiya, amma wanda ya yi ana ganin girmansa.

Mu kuwa muna da alƙali na tsakani, duk da haka wani lokaci bugun fanareti ɗaya kan jawo jifa da duwatsu. A garin da ya ɗanɗani fitinar 'yan sara-suka, wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin gabar da aka ƙulla a fili takan bi yara har makaranta da kasuwa.

Na taɓa halartar wani wasa da ya kusa ɓaci haka. Saura minti kaɗan a tashi, ƙwallo ta taɓa hannun wani mai tsaron baya na masu masauki, alƙali bai gani ba. Baƙi suka yi ca, 'yan kallo suka fara shigowa fili. Sai kyaftin ɗin masu masauki ya ɗauki ƙwallon da kansa, ya ajiye ta a wurin bugun fanareti. Aka buga, aka ci su. Magoya bayansa sun yi ta yi masa tsiya har Magariba. Da suka je ramuwar ziyara, sai suka tarar an shimfiɗa musu tabarmi a inuwa, ga kunun aya mai sanyi.