Dogon Tsalle: Sirrin Yana Wurin Katako

Masu karatu da suka saba zuwa kallon ƙwallon ƙafa sun san faɗin raga. Daga wannan turke zuwa wancan, mita 7.32 ne. To, a ƙara mita ɗaya da rabi da 'yan kai a kan wannan. Nisan da wani Ba'amurke mai suna Mike Powell ya tsallake ke nan da tsalle ɗaya tak, a birnin Tokiyo na ƙasar Japan, ran 30 ga Agusta, 1991. Mita 8.95 aka auna masa, wato ƙafa 29 da 'yan inci. Yau fiye da shekara 30 ke nan, har wa yau ba ɗan Adam da ya wuce shi a tsallen da hukumar wasanni ta amince da shi.

A wasu wasannin guje-guje da tsalle-tsalle, akan kafa tarihi bana, baɗi wani ya zo ya shafe shi. Dogon tsalle na maza ba haka yake ba. Tarihin da Jesse Owens ya kafa a 1935 ya yi shekara 25 kafin a wuce shi. Na Bob Beamon na 1968 ya yi kusan shekara 23. Na Powell kuwa ya fi su duka daɗewa. Me ya sa haka? A ganinmu, amsar tana wurin wani ɗan farin katako da ake binnewa daidai da ƙasa a gab da ramin yashi.

Yadda ake yin wasan

Mai tsalle yakan fara ne da gudu a kan hanya wadda tsawonta bai gaza mita 40 ba. Gwanaye sukan yi taku wajen 20, suna ƙara sauri, har su kai gudun da ya haura mita 10 a cikin daƙiƙa ɗaya. A ƙarshen hanyar akwai katakon tashi, faɗinsa santimita 20 kacal, bai kai tsawon takalmin babban mutum ba. Dole ƙafar da za ta ɗaga shi ta sauka a kan katakon ko a bayansa. In bakin takalmi ya ƙetare layin gaba, ko da ƙanƙane ne, alƙali zai ɗaga jar tuta, tsallen ya zama banza kome nisansa. A dā, wani abu mai taushi kamar yumɓu ake shafawa a gaban layin domin ya nuna sawun takalmi. A manyan gasanni na yanzu kyamara tana taimakon alƙali.

Wahalar kuwa gefe biyu take da shi. Daga layin nan ake fara awo, ba daga inda mutum ya tashi ba. Saboda haka wanda tsoro ya sa ya tashi santimita 15 kafin layi, ya yi asarar santimita 15 ɗin ke nan. Wanda kuma zari ya sa ya wuce, ya yi asarar tsallen gaba ɗaya. Sauri kan haifi nawa, in ji Hausawa. A nan kuwa sai mutum ya haɗa saurin da natsuwa, gama ƙafarsa ba ta kan daɗe a kan katako fiye da ƙiftawar ido ba.

Haka kuma a wurin sauka. Ana auna alamar da ta fi kusa da katako, ko ta ƙafa ce, ko ta hannu, ko ta mazauni. A gasar Olamfik ta birnin Riyo a 2016, Ba'amurke Jarrion Lawson ya yi tsallen ƙarshe wanda mutane suka ɗauka ya ci zinariya da shi. Ashe hannunsa ya shafi yashi a baya. Mita 7.78 aka auna masa, ya tashi ba ko tagulla.

Sa'an nan ga iska. Akwai na'urar auna iska a gefen hanya. In iskar da ke tura mai tsalle daga baya ta wuce mita 2 a daƙiƙa ɗaya, tsallen yana iya cin gasa, amma ba za a rubuta shi a littafin tarihi ba. A zagayen ƙarshe kowa yana da tsalle 3, sa'an nan mutum 8 da suke gaba su sami ƙarin 3.

Daga Owens zuwa Beamon

Ran 25 ga Mayu, 1935, a garin Ann Arbor na Amurka, Jesse Owens ya kafa tarihin duniya 3, ya kuma yi daidai da na huɗu, duka a cikin minti 45 ko kusa da haka. A dogon tsalle sau ɗaya kawai ya gwada, ya yi mita 8.13. A shekara ta gaba, a Olamfik na birnin Balin a zamanin Hitler, ya ci zinariya da mita 8.06. Bajamushen da ya zo na biyu, Luz Long, ya rungume shi a gaban jama'a, a lokacin da gwamnatin ƙasarsa take koyar da raina baƙar fata. Long ya mutu a yaƙin duniya na biyu a 1943. Sai a 1960 ne Ralph Boston ya wuce tarihin Owens da mita 8.21.

Daga nan aka riƙa ƙarawa kaɗan-kaɗan, har aka kai mita 8.35, wanda Boston da Igor Ter-Ovanesyan na Tarayyar Sobiyet suka riƙe tare. Sai Olamfik na birnin Meziko ya zo a 1968.

Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, saura ƙiris katako ya kori Bob Beamon tun kafin zagayen ƙarshe. A wasan share fage ya taka layi sau 2. Da ya sake, da shi ke nan. Boston, wanda yake abokin takararsa ne kuma ɗan ƙasarsu, ya ba shi shawara ya ja baya kaɗan. Ya ji, ya tsallake.

Kashegari, ran 18 ga Oktoba, saurayin nan mai shekara 22 ya yi tsallensa na fari. Ya sauka a wurin da na'urar awo ba ta iya kaiwa ba, sai da alƙalai suka nemo tef na ƙarfe suka auna da hannu. Mita 8.90. Ya ƙara santimita 55 a kan tarihin duniya a tashi ɗaya. Da aka fassara masa lambar zuwa ƙafa da inci, sai jikinsa ya mutu, ya durƙushe a ƙasa.

Gaskiya ne abubuwa sun taru sun taimake shi. Birnin Meziko yana bisa tudu, fiye da mita 2,200 daga matakin teku, inda iska ba ta da nauyi. Iskar baya kuwa mita 2.0 aka auna, daidai iyakar doka. Amma sauran masu tsalle ma a tudun nan suke, wanda ya zo na biyu kuwa mita 8.19 ya yi. Beamon kansa bai sake kusantar wannan nisa ba har ya bar wasa. Har yau tsallensa ne tarihin Olamfik.

Daren Tokiyo

Daga 1981 zuwa 1991, Carl Lewis ya ci gasar dogon tsalle sau 65 a jere ba wanda ya kā da shi. Kowa ya ɗauka in za a wuce Beamon, shi ne zai wuce. A gasar cin kofin duniya ta Tokiyo, kwana 5 kafin dogon tsalle, ya riga ya kafa tarihin gudun mita 100 da daƙiƙa 9.86. Powell kuwa bai taɓa cinsa ba.

Lewis ya buɗe da mita 8.68. A zagaye na uku ya yi 8.83. A na huɗu ya yi 8.91, ya wuce Beamon da santimita ɗaya, amma iska ta kai mita 2.9, saboda haka ba a lasafta shi tarihi ba. A wannan zagaye Powell ma ya yi nisa ƙwarai, amma ya taka layi, aka ɗaga masa jar tuta. Ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare. A zagaye na biyar Powell ya sauka a kan katako daidai, iska kuwa mita 0.3 kawai. Allo ya nuna 8.95.

Lewis yana da sauran tsalle 2. Ya yi 8.87, ya kuma yi 8.84. Ba a taɓa ganin jerin tsalle irin nasa a gasa ɗaya ba, duk da haka azurfa ya ɗauka. Abin lura kuma, Powell mai tarihin duniya bai taɓa cin zinariyar Olamfik ba. Azurfa ya samu a 1988 da 1992, duka a bayan Lewis, na 1992 ɗin da ratar santimita 3. Lewis kuwa ya ci zinariyar dogon tsalle sau 4 a jere, a 1984, 1988, 1992 da 1996, amma sunansa bai taɓa hawa kan tarihin duniya na fili ba.

Tun daga daren nan ba wanda ya wuce mita 8.74 a tsallen da aka amince da shi. A 1995, Ivan Pedroso na Kyuba ya yi 8.96 a garin Sestriere da ke duwatsun Italiya, amma ba a karɓa ba, domin an ga wani mutum tsaye a gaban na'urar auna iska. Zakaran Olamfik na Tokiyo a 2021 da na Faris a 2024, Miltiadis Tentoglou na Girka, da mita 8.41 da 8.48 ya ci. Na 2021 ɗin ma kunnen doki suka yi da Juan Miguel Echevarria na Kyuba, sai da aka duba tsallensu na biyu a nisa aka raba gardama.

Rabon Afirka

Nahiyarmu ba a bar ta a baya ba. Yusuf Alli na Nijeriya ya yi mita 8.27 a Legas a 1989, ya kuma ci zinariya a gasar ƙasashe rainon Ingila a birnin Auckland a 1990. Ignisious Gaisah ya kawo wa Gana azurfa a gasar duniya ta 2005. Khotso Mokoena na Afirka ta Kudu ya ci azurfar Olamfik a 2008. Ɗan ƙasarsu Luvo Manyonga ya rasa zinariyar 2016 da santimita ɗaya rak, gama shi ya yi 8.37, Jeff Henderson na Amurka ya yi 8.38. A 2017 ya zama zakaran duniya a Landan, a shekarar kuma ya yi mita 8.65. Kada kuma mu manta, a ramin dogon tsalle ne Chioma Ajunwa ta ci wa Nijeriya zinariya a ɓangaren mata a Atlanta a 1996, da mita 7.12.

A cire katako?

A 2024 shugabannin hukumar wasannin guje-guje ta duniya suka kawo shawarar a sauya doka. Hujjarsu ita ce, a gasar duniya ta birnin Budapest a 2023, wajen kashi ɗaya cikin uku na tsallen da aka yi jar tuta ce ta cinye su, wannan kuwa yana gundurar masu kallo. Suka ce a faɗaɗa wurin tashi, a riƙa awo daga inda ƙafa ta taka. An gwada haka a birnin Dusseldorf na Jamus a farkon 2025. Lewis da Tentoglou suna cikin waɗanda suka ƙi a fili. Gasar duniya da aka sake yi a Tokiyo a 2025 da katakon da aka sani aka yi ta.

Hujjar hukuma ba ta banza ba ce, gama ba mai so ya biya kuɗi ya zauna yana kallon jar tuta. Amma mu muna tare da 'yan wasan. In aka cire katako, wanda ya fi gudu da ƙarfin ƙafa shi ne zai ci, ko ya iya lissafin takunsa ko bai iya ba. Labarin Beamon a share fage, da na Powell tsakanin zagaye na huɗu da na biyar, ba za su kasance ba. Kuma ta yaya za a gwada sabon tsalle da 8.95, tun da ba mudu ɗaya aka auna su da shi ba?

Abin da ya rage gare mu

'Yan'uwa, cikin dukan wasannin nan, kaɗan ne suka kai dogon tsalle araha. Fili mai tsawon mita 40, da rami, da yashi mai laushi, da katako, da tef na awo, da manjagara, sun isa. Duk da haka a makarantunmu da yawa ba a tunawa da ramin sai ana saura mako guda a yi gasar wasanni ta shekara. Sai a zuba yashi, a jera yara, kowa ya ruga ya faɗa, a ba wanda ya fi nisa kofi ko bokiti, a manta sai baɗi.

Malaman wasanni suna iya yin abin da ya fi haka ba da kashe kuɗi ba. A koya wa yaro ya ƙidaya takunsa daga katako zuwa baya, ya sa alama inda zai fara, ya maimaita har ƙafa ɗaya ta riƙa sauka wuri ɗaya ba sai ya duba ƙasa ba. A koya masa ya miƙa ƙafafu gaba, ya faɗi gaba ko gefe, kada ya dafa baya. A riƙa kaftar yashin kafin a fara, domin busasshen rami yana karya ƙafa. Alƙali kuma ya ɗaga jar tuta ko ɗan wane ne ya taka layi, gama yaron da aka yi wa alfarma a gida, ba za a yi masa ita a Kaduna ko Legas ba. A rubuta nisan kowane yaro a littafi, a ajiye, domin na baya su san abin da za su nemi wucewa.

Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Iyaye da shugabannin makarantu, a duba ramin nan da ciyawa ta rufe a bayan aji, a sa hannu a gyara shi tun wannan zango.