ZIKIRI DA LAFIYAR JIKI: GARAJE KE RAGE AMFANINSA

A garuruwan ƙasar Zazzau ta arewa, kamar Ikara da Maƙarfi da Kudan da Hunkuyi, da wuya a gama sallar magariba mutum bai ji muryoyin masu wazifa suna tashi daga wani masallaci ko zaure ba. Manoman rake da na tumatir, da masu dafa mazarƙwaila, da 'yan kasuwa, kowa yakan ajiye gajiyar yini ya ɗauki carbi. Masu yin wannan abu don lada suke yi, amma binciken likitoci ya nuna cewa jiki ma yana da rabonsa, muddin an yi shi a natse.

Ga 'yan ɗariƙar Tijjaniyya, wadda Shehu Ahmadu Tijjani ya kafa, ya kuwa rasu a Fas cikin 1815, akwai lazimi safe da yamma, watau istigfari 100, salati 100, hailala 100. Akwai wazifa da a kan taru a yi kullum, da kuma zikirin Jumma'a bayan la'asar. 'Yan Ƙadiriyya, ɗariƙar da Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya bi, suna da nasu wuridi, har da zikirin anfasu wanda a ke haɗa lafazi da fitar numfashi. Su kuwa mabiya Izala, wadda aka kafa a Jos cikin 1978, ba su yarda da wuridin ɗariƙa ba, amma suna riƙe da azkar na safiya da maraice da tasbihi talatin da uku bayan kowace salla. Saboda haka duk da saɓanin da ke tsakani, maimaita lafazi da ƙidaya abu ne da kowane ɓangare ya sani.

Turawa ba su mai da hankali ga wannan fanni sosai ba sai da wani malamin Indiya, Maharishi Mahesh Yogi, ya kai musu wata hanyar natsuwa wadda mutum kan zauna ya yi ta maimaita kalma guda a zuci, kalmar da Indiyawa ke kira mantara. Wani likitan zuciya na Jami'ar Habad ta Amurka, Herbert Benson, ya auna masu yinta, ya ga numfashinsu yana raguwa, bugun zuciya yana sassautawa, iskar da jiki ke ci tana yin ƙasa. A littafinsa The Relaxation Response na 1975 ya bayyana cewa asirin ba a kalmar Indiyawa ya ke ba. Abin da a ke bukata shi ne wuri marar hayaniya, da zama mai daɗi, da lafazin da za a maimaita, da kuma komo da hankali a sannu duk lokacin da ya tafi yawo, na minti 10 zuwa 20.

Cikin 2001 kuma, Luciano Bernardi na Jami'ar Pavia ta Italiya da abokan aikinsa suka buga wani bincike a mujallar likitocin Ingila, BMJ. Sun gano cewa masu jan carbin Kirista da harshen Latin, da masu maimaita mantara, numfashinsu kan sauko zuwa kamar sau shida a minti guda, alhali baligi kan yi sau 12 zuwa 20. Wannan saukowa kuwa tana taimakon jijiyoyin da ke daidaita bugun zuciya da gudun jini.

Ba a kan masu zikiri aka yi waɗannan gwaje-gwaje ba, kuma niyyar Musulmi dabam ce, domin shi ambaton Allah ya ke yi, kamar yadda aya ta 28 ta Suratur Ra'adi ta danganta natsuwar zukata da shi. Amma mai karatu zai lura cewa sharuɗɗan Benson sun yi daidai da ladubban da malamanmu ke koyarwa tun da daɗewa: alwala, da wuri mai tsarki, da fuskantar alƙibla, da barin surutu, da halartar da zuciya.

To, a nan ne gizo ke saƙar. Sau da yawa sai ka ga mutum yana zazzaga carbi kamar mai ƙirgar kuɗi, rediyo na kunne, idonsa yana kan hanya. Wanda ya gama hailala ɗari cikin minti guda bai ba numfashinsa damar saukowa ba. Hanyar koyo ita ce mutum ya je wurin malami ko muƙaddami ya gyara masa lafazi, ya san ma'anar abin da ya ke faɗa, ya tsai da lokaci guda kullum, ya kashe waya, ya bar kowace jimla ta fita tare da numfashi a hankali.

Sai dai a yi hattara. Zikiri yana rage damuwa, amma ba ya maye gurbin asibiti. Mai hawan jini kada ya yar da ƙwayoyinsa don ya ji sauƙi, domin cuta ce mai ɓoyewa wadda kan kai ga shanyewar ɓarin jiki. Wanda baƙin ciki ko rashin barci ya daɗe yana damunsa, 'yan'uwa su kai shi Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, ko asibitin masu larurar ƙwaƙwalwa na Barnawa a Kaduna, ya tafi da carbinsa a aljihu. Allah ya ba mu lafiya da zama lafiya, amin.