Direban Babbar Mota da Dokokin Ƙetare Iyaka a Afirka ta Yamma

Gabatarwa

Ƙasar Nijar ba ta da gaɓar teku. Saboda haka mafi yawan shinkafa, sukari, taki da kayan gini da ake sayarwa a kasuwannin Yamai, Maraɗi da Damagaram a bayan manyan motoci suke zuwa, daga tashoshin jiragen ruwa irin na Kwatano da Lome, ko daga kasuwannin Nijeriya. Duk ranar da mota ta makale a kan iyaka, ɗan kasuwa yana ƙara kuɗin jira a kan kaya, talaka kuma shi ne yake biya a ƙarshe. Wannan maƙala za ta yi bayani a kan dokokin da suka shafi direba mai ƙetare iyaka, da shawarwarin da suke rage masa wahala.

Asalin dokokin

An kafa ƙungiyar ECOWAS, wadda ake kira CEDEAO a ƙasashe masu amfani da Faransanci, a birnin Ikko a shekarar 1975. A 1979 ƙasashen ƙungiyar suka amince cewa ɗan wata ƙasa zai iya shiga wata ba tare da biza ba, ya zauna har kwana 90. A 1982 aka sa hannu a Kwatano a kan yarjejeniyoyi biyu masu muhimmanci ga direbobi. Ta farko ta kawo katin inshora mai ruwan ƙasa, wanda yake biyan diyya ga wanda mota ta yi wa ɓarna a wata ƙasa. Ta biyu, wadda aka sani da TRIE, ta ba da damar kaya su ratsa ƙasa ba tare da an biya musu kuɗin fito ba, sai a ƙasar da za a sauke su.

Nijar, Mali da Burkina Faso sun fice daga ECOWAS a ranar 29 ga Janairu 2025. A lokacin ƙungiyar ta sanar cewa za a ci gaba da karɓar takardun tafiya na ƴan waɗannan ƙasashe har sai an yanke wata shawara. Don haka wajibi ne direba ya tambayi ƙungiyarsu halin da ake ciki kafin kowace tafiya.

Takardun da ake buƙata

Takardu kashi uku ne. Na farko na direba ne: lasisin tuƙi na ajin manyan motoci, fasfo ko katin shaida, da katin rigakafin shawara. Tun 2016 allurar shawara guda ɗaya ta isa mutum har tsawon rayuwarsa. Yaron mota ma dole ya riƙe nasa takardun shaida. Na biyu na mota ne: takardar rajista, inshora, da shaidar binciken lafiyar mota. Na uku na kaya ne: rasit, jerin abin da aka loda, da takardar ratse.

Ya kamata ɗalibi ya lura cewa sunayen ma'aikata suna sauyawa da zarar an ƙetare iyaka. Wanda ake kira ɗan kwastan a Jibiya shi ne ɗan duwan a Ɗan Isa. A Nijar akwai jandarma a kan hanya, kalmar da ba a cika ji ba a Katsina. Kalmomin Nijeriya an aro su daga Ingilishi, na Nijar kuma daga Faransanci, ga shi kuma masu maganar duk Hausawa ne.

Nauyin kaya da hatimi

A 2005 ƙungiyar UEMOA, wadda Nijar, Benin da Togo suke ciki, ta fitar da doka mai lamba 14. Dokar ta ƙayyade tan 11.5 a kan gatari ɗaya, wato ƙarfen da ya haɗa tayoyin dama da na hagu. Dalili shi ne lodi fiye da kima yana farfasa kwalta tun kafin lokacinta, yana kuma hana birki kamawa da wuri. Idan sikeli ya nuna mota ta wuce ƙa'ida, akwai tara, kuma ana iya tilasta wa direba sauke rarar kayan.

Kayan ratse kuwa ƴan duwan ne suke buga musu hatimi. Direba ba shi da ikon cire shi, ko kauce wa hanyar da aka rubuta masa. Idan mota ta lalace har ya zama dole a juye kaya a wata, sai an kira ma'aikata sun shaida. In ba haka ba, ana iya ɗaukar abin a matsayin fasa-ƙwauri.

Shawarwari

Na ɗaya, direba ya tsaya a wurin lodi ya ga abin da ake ɗora masa, kada ya karɓi saƙon da bai san cikinsa ba. Na biyu, ya yi kwafin kowace takarda ya ajiye daban. Na uku, duk kuɗin da ya biya ya nemi rasit, domin na goro ba ya kare mutum a shinge na gaba. Na huɗu, ya tanadi sefa da naira kafin ya isa iyaka. Na biyar, ya guji ƙwayoyin hana barci irin su taramol. In barci ya zo, ya tsaya a tasha mai tsaro ya huta.

Haka kuma ya riƙa sauraron labarai, domin iyaka tana iya rufewa dare ɗaya. Nijeriya ta rufe iyakokinta na tudu daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 a Nijar, motoci sun yi dogon layi a Malanbil, gadar Gaya a rufe, har kaya suka lalace. Daga baya ƴan kasuwa da yawa suka koma bi ta Lome da Burkina Faso, a ayari, da rakiyar soja.

Kammalawa

Daga abin da ya gabata, za a fahimci cewa iya riƙe sitiyari kaɗai bai isa ba. Direban da takardunsa suka cika, lodinsa bai wuce kima ba, kuma hatiminsa yana nan daram, shi ne yake da bakin magana a gaban ma'aikaci. Hausawa sun ce rigakafi ya fi magani.