Abincin Masu Kwana a Gona

Idan kaka ta yi, magidanta da yawa sukan tare a bukkokin gona har a gama girbi. A nan ne zawo yakan kama mutane, domin gajiya takan sa a dama fura da ruwan kududdufi, ko a ci sauran tuwo da sanyinsa. Manomin da ya kwanta kwana 3, tsuntsaye ne za su yi masa girbi.

To, dafuwa ba ta da wuya. Tun daga gida a haɗa garin wake da na rogo da kuka. A gona sai a kwaɓa da ruwan kanwa, a riƙa jefawa cikin tafasasshen ruwa. Kamar minti 15 ɗanwake ya nuna, sai man gyaɗa da yaji. Da safe a dama kunun tsamiya. Dankali kuwa a binne shi cikin rushi.

A dafa daidai ci, a ci da zafinsa. Wanda ya kwana, sai an ɗumama shi sosai. Ruwan sha a bar shi ya tafasa minti 1, kada kuma a zuba shi a galan ɗin maganin feshi, ko an wanke. Kafin a sa hannu a akushi, a wanke da sabulu.

Lafiya uwar jiki.