Tsohon inji ko sabo: wanne ya fi jure ƙurar Arlit?

Jama'a, duk buhun gero da katan ɗin mai da ake saukewa a kasuwar Arlit da ta Akokan, injin gazuwal ne ya jawo su. Shi ne kuma ke juya injin niƙa, shi ke tada gurup idan wuta ta ɗauke. Tun da aka rufe ma'adinin COMINAK a 2021 kuɗi suka ragu a gari, mai sayen inji ba ya da damar yin kuskure.

Tsofaffin injina irin Lister, da aka ƙera a Ingila daga 1929 zuwa 1987, suna juyi 650 kacal a minti. Inji mai tafiya a hankali ba ya saurin cinyewa. Famfonsa na ƙarfe ne zalla, ba waya, ba kwamfuta. Makaniken unguwa zai kwance shi ya ɗaura da sifana. Indiya na ƙera irinsa, don haka ana samun kayan gyara. Aibinsa nauyi, da hayaƙi, da shan mai.

Sababbin kuwa, waɗanda suka fara yaɗuwa daga 1997, kwamfuta ce ke auna musu mai, tana fesa shi da matsi mai tsanani ta ƙofofi siraru ƙwarai. Ba su shan mai sosai, ba su da ƙara. Amma ɗan yashi ko ɗigon ruwa cikin gazuwal ɗin jarka ya isa ya kashe bakin feshin, kuma gano ciwon sai da na'urar da ba kowane gareji ke da ita ba. Mota ta tsaya tsakanin Agadas da Arlit, tumatur ya ruɓe, asarar ta ɗan kasuwa ce.

Shawararmu ga iyayenmu mata masu injin niƙa da ƴan uwa ƴan kasuwa: kafin ku biya, ku tambayi makanikenku ko ya iya gyaran injin, kuma ina ake sayen kayansa. Ku tace gazuwal kafin zubawa. Ku kakkaɓe matatar iska kullum lokacin ƙura. Ku canza baƙin mai bayan kamar awa 250 na aiki. Tsoho ko sabo, injin da aka hana wa wannan kulawa ba ya ganin baɗi.

Allah ya ba da kasuwa.