Neman Ƙwayar Cuta a Naman Tumbi Mai Sankara

Bahaushe yakan ce "ciki" ga duk abin da ke tsakanin ƙirji da mara. A wannan takarda kuwa tumbi muke nufi, watau jakar da abinci ke sauka bayan an haɗiye shi. Sankara kuma ita ce ciwon daji.

Akwai wata murɗaɗɗiyar ƙwayar cuta, Helikobakta, da ke zaune cikin majinar bangon tumbi. Robin Warren, likita a birnin Perth na Ostiraliya, ya lura da ita a 1979, sa'an nan shi da Barry Marshall suka rene ta a 1982. A 1994 aka lissafa ta cikin abubuwan da ke jawo sankara.

In an gutsuro ɗan nama daga tumbi, akan yanka shi fale-fale, a rina shi da rinin Giemsa ko na azurfa, a duba a madubin ƙara girma. Akwai hanyar da ta fi wannan sauri: a jefa naman cikin ruwa mai yuriya. Ƙwayar tana farfasa yuriya ta fid da amoniya, sai ruwan ya juya daga rawaya zuwa ja. Renonta a faranti ya fi wuya, gama ba ta son iska mai yawa, kuma sai ta yi kwanaki kafin ta tsiro, amma da shi akan gwada maganin da zai kashe ta. Akan kuma ninka wani yanki na ƙwayar gadonta har ya isa a gane shi, ko da ita kanta ta mutu.

To, ga inda wuyar take. Shekara da shekaru ƙwayar ke ɓata bangon tumbi, har ya sirance, ya koma kamar bangon hanji. A irin wannan wuri ba ta iya zama. Saboda haka kafin sankara ta bayyana, sau da yawa mai laifin ta riga ta tashi. Don haka akan ɗebi nama daga gefen da ciwon bai taɓa ba, a kuma duba jini ko akwai alamar jiki ya taɓa yaƙi da ita.

Malamin da zai fassara sakamakon ya kula ƙwarai: "ba a gan ta ba" daban, "ba ta taɓa zama ba" daban. In kuwa majinyacin ya sha maganin rage tsamin tumbi kwanan nan, tana iya ɓuya ko da tana nan.